Abin Da Na Ajiye A Benen Jirgi

Da sunan Allah wanda ya shimfiɗa tudu, ya kwantar da ruwa, ya raba arziki tsakanin bayinsa, wasu da buhu, wasu da cokali. Ni ne Nomau masaƙi, mutumin Gangaren Kanya, wanda ya haye Tekun Mantau ya komo da ransa. Ku matso ku ji. Amma wanda ya san zai katse ni da cewa "ai Arzika mutumin kirki ne", ya tashi tun yanzu, don na sha jin wannan magana har ta gundure ni.

Arzika maƙwabcina ne kuma sa'ana, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Tun muna yara, duk abin da muka taɓa tare nasa ne ke yin kyau. In muka jefi kanya, ni ɗanya za ta faɗo mini, shi nunanna. Rumfa ɗaya muka koyi saƙa, na fi shi saurin jefa ƙoshiya, kowa ya sani, amma in an je kasuwa sai a tsallake saƙina a ɗauki nasa. Abin da ya fi cin raina shi ne ba ya ma nema. Sai ya yi murmushin nan nasa ya ce, "Nomau, gobe naka ne." Goben nan har yau ina jiran ta.

Da na ji fatake suna labarin Tsibiran Murjani, inda ake tsintar murjani a bakin ruwa kamar tsakuwa, sai na ƙudura a raina zan tafi ni kaɗai, in dawo in ga yadda fuskar Arzika za ta yi. Ban gaya wa kowa ba. Na fito da sassafe da ɗan ƙunshina, ina isa ƙofar gari sai ga mutumin tsaye da sandarsa, wai ba zai bar ni in shiga duniya ni kaɗai ba. Ko guzurin ma nasa ya fi nawa, don tsohuwarsa Inna Tabawa ta ƙulla masa dakuwa da kilishi.

Muka yi ta tafiya, damina ta same mu a hanya ta wuce. Muka ratsa ƙasar da ake noman gishiri a kunya kamar gero. Muka ratsa garin da jakuna ke da fukafukai amma kasala ta hana su tashi. A nan ma, jakin da aka ara wa Arzika ne kaɗai ya ga dama ya tashi da shi ya tsallake kogi, nawa kuwa ya kwanta da ni a tsakiyar ruwa. Da haka muka isa Birnin Sarandal, inda ƙasa ta ƙare, ruwa ya fara.

Jiragen Sarandal ba irinsu a duniya. Gabansu a ƙasa yake, jigon da ake ɗaura zanen kama iska gajere ne, amma a bayan kowane jirgi an tayar da bene na katako, hawa bisa hawa, siriri, har ya zarce jigon nesa ba kusa ba. Sai an cika gaban jirgin da duwatsu don kada nauyin benen ya ɗaga masa hanci. Hawan ƙasa ɗakin sarkin jirgi ne, na bisansa na matuƙi, daga nan sai matakala kawai ta yi ta hawa, har can ƙololuwa inda aka yi wani ɗan ɗaki mai tagogi ta ko'ina, an zana shi da shuɗi da ruwan zinariya, labulensa na alharini yana kaɗawa. Tun da na ɗaga kai na gan shi zuciyata ta ce nan ne wurinka.

Muka shiga wani jirgi mai suna Zalɓe. Sarkin jirgin, wani dogon dattijo mai jan gemu ana ce masa Hambali, ya tara mu sababbin shiga a tsakiyar jirgi tun yana ɗaure a gaɓa.

Ya ce, "Ku buɗe kunne, mutanen tudu. Tsakaninmu da murjani akwai wani tururi kwance a kan ruwa. Ba ya kisa, ba ya sa ciwo. Amma wanda ya shaƙe shi, duk abin da ya baro a tudu ya tafi: uwa, mata, ɗa, hanyar gida. Sana'ar hannunka tana nan, sallarka tana nan, abin da ya faru a cikin jirgi yana nan. Mutanenka ne za su gushe daga zuciyarka. Tururin ba ya kai wa ga ɗakin can na ƙololuwa, ɗakin kuwa mutum ɗaya yake ɗauka. Wanda ke zama ciki shi ne Ma'aji. Kafin mu shiga, kowa zai hau ya ajiye masa mutanensa da bakinsa. In mun fita ya maido maka da kalmominka yadda ka faɗe su, sai komai ya dawo maka. Kuma kada wani ya ce ai wane ya san ni, shi zai ba ni labari. Maganar wani ba ta kamawa, za ka ji ta ne kamar labarin kasuwa. An gwada rubutu ma, bai yi ba."

Na ji shi, amma da rabin kunne, don idona na can kan labulen alharini.

Ba a yin Ma'aji sau biyu, wai kai yana cika, saboda haka kowace tafiya sai an zaɓi sabo. Aka hawo da wata tsohuwa mai sayar da busasshen kifi, aka ce ta ba da labarin rayuwarta, masu neman matsayin su maimaita. Kai, matar nan ta iya gajiyar da mutum! Daga mijinta na fari mai warin baki, ta koma kan akuyarta da ta ɓata, ta dawo kan ciwon guiwa. Da aka zo kaina na tashi na gyara mata labarin tsaf. Na zubar da akuyar, na mayar da mijin jarumi, na ƙara gishiri inda ya dace, har ma'aikatan jirgi suna tafi. Na zauna ina jin kaina a sama. Sai Arzika ya tashi, shi da na tabbata don raha kawai ya shiga, ya maimaita shirmen tsohuwar nan kaf, da akuyar, da guiwar, har da tarin da ta yi a tsakiya.

Hambali ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ga Ma'ajinmu."

Na ce, "Ranka ya daɗe, nawa fa aka yi wa tafi."

Ya ce, "Naka ya fi daɗi. Amma ba nata ba ne."

Ina ji ina gani aka yi wa Arzika wanka da ruwan turare, aka sa masa shuɗiyar riga, aka raka shi matakala da kiɗa. Ya waiwayo yana nemana da ido. Na yi kamar ina gyara takalmi.

Ni kuwa da yake masaƙi ne, aka ba ni ɗinkin zanen iska in ya yage, wurin zamana kuma gindin benen nan daidai. Kun ga wahala. Ana so kan Ma'aji ya zauna garau, don haka zuma ake ba shi da dabino da gasasshen nama, a zuba a wani babban kwando a ja da igiya ta bayan bene. Mu kuwa wake da busasshen kifi, safe da yamma. Duk wanda zai gifta ta gindin benen sai ya rusuna ya ce, "Allah ya kiyaye kan Ma'aji." In yana barcin rana ba mai tari da ƙarfi. Mu zafi na dafa mu a ƙasa, shi iska na kaɗa masa labule. Arzika fa, wanda na sani da majina a hanci! Wani lokaci ya leƙo ta taga ya ce, "Nomau, yaya aiki?" Wani lokaci ya jefo mini dabino. Ba na ɗauka sai na ga ba mai kallo, kuma ko na ci ɗaci yake mini. Ƙyashi na ji, ƙyashi mai hana barci, kuma ina da dalili.

Wata rana da azahar na ga an cika kwando an rufe da zane, masu jan igiya sun juya suna gardama. Na kwashe abincin na tura bayan ganga, na shige na ja zanen na rufa. Ba wani abu nake so ba, in dai ga cikin ɗakin nan da idona, in zauna a kan shimfiɗarsa ko sau ɗaya. Suka fara ja suna nishi. Na ji ɗaya yana cewa, "Yau me aka dafa wa Ma'aji, ɗan maraƙi?" Mun kai rabi sai atishawa ta kama ni, don kwandon duk yaji ne.

Hambali ya leƙo daga hawan matuƙi ya ga ƙafata. Bai ko ɗaga murya ba. Ya ce, "Tunda sama yake so, ku bar shi a nan." Suka ɗaure igiyar, suka bar ni ina reto a bayan jirgi, ruwa a ƙarƙashina, ɗakin Arzika a bisa kaina, ina jin ƙamshin turarensa.

Ina nan rataye har la'asar, sai jirgi ya yi wata irin girgiza, na ji ihu ta ko'ina: "Mai Karo! Mai Karo!" Wani kifi ne, tsawonsa ya fi jirgin, wanda mutanen Sarandal suka ce yana ƙin jirage, in ya samu ɗaya ba ya bari sai ya farfasa shi. Suka hau jifansa da masu, suna buga ganguna, shi ko a jikinsa. Ya nutse ya goga bayansa a cikin jirgin, katako ya yi ƙara, ruwa ya fara tsattsafowa. Su daga inda suke ƙeyarsa kawai suke gani. Ni da ke rataye a baya, duk sanda ya fito sai mu yi ido huɗu. Na ga bayansa cike da wasu katantanwa da suka manne suka ci fata, na ga kuma in ya goga sai ya lumshe ido. Na ce af, wannan ba faɗa yake ba, ƙaiƙayi ke damunsa, kamar saniya a jikin kututture.

Na yi ta kwarma ihu ba mai ji na, sai wanda ke bisa kaina. Arzika ya leƙo. Na ce, "Kai, gaya musu susa yake nema! A haɗa gumagumai a kafa musu ƙusoshi, a sake su a baya da igiya!" Ya juya ta ɗaya tagar ya faɗa da ƙarfi. Da yake muryar Ma'aji ce, nan take kowa ya yi tsit. Aka ɗaure gumagumai, aka kafe su da ƙusoshi da ƙugiyoyi, aka tura ruwa. Kifin ya shinshina, ya goga sau ɗaya, ya yi wani nishi da ya tayar da kumfa, ya rungumi abinsa. Aka yanke igiya muka tsere.

To, ku faɗa mini, wa ya ceci jirgin nan? Amma da aka sauko da ni, ƙafafuna sun sage, sai na tarar da mutane durƙushe a gindin bene suna yi wa Ma'aji kirari. Arzika ya leƙo ya ce, "Jama'a, ba ni ba ne, dabarar Nomau ce." Sai suka ce, "Allahu akbar, ga basira ga tawali'u!" Suka ƙara son sa. Ni kuwa mai dafa abinci ya ƙara mini albasa guda a kan wake.

Ba a daɗe ba ruwa ya canza launi, ya koma fari-fari, tsuntsaye suka daina bin mu. Wata safiya da hantsi matuƙi ya nuna gaba. Ga shi can kwance, fari fat, daga wannan gefen duniya zuwa wancan. Hambali ya sa aka sassauta zane, ya ce yau ranar ajiya ce.

Ga yadda ake yi. A ɗakin Ma'aji akwai ƙwarya cike da ruwa, da ɗan ƙoƙo mai huji a gindi. In ka zauna sai a ɗora ƙoƙon a kan ruwan, ka yi ta magana har ya nutse. Da ya nutse ka gama, ba ƙari, don mutane da yawa ne kuma igiyar ruwa ba ta jira. Shi Ma'aji yana guntse da ruwa a baki, don kada ya sa maka kalmar da ba taka ba. Na ga ƙarti majiya ƙarfi suna zaune a layi suna ta bitar sunayen 'ya'yansu a hankali, suna sharar hawaye. Ni ma na shirya nawa. Na san na shirya, don ina tuna bakina yana motsi. Ni aka bari na ƙarshe saboda maganar kwando.

Na hau matakalar nan, iska na ƙara sanyi, hayaniyar ƙasa na ƙara nisa. Na ɗaga labule. Wayyo! Darduma mai laushi har ƙafa na nutsewa. Matasan kai na fata. Faranti cike da zabibi, an ci an bari. Ta taga kana ganin duniya duka, mutanen da ke ƙasa kuwa kamar tururuwa, har na hango ɗan wurin da nake zama ina ɗinki, na ce ashe haka yake ganina kullum. Ga Arzika a tsakiya, ya yi fari ya yi ƙiba, kumatu cike da ruwa. Al'ada ce sai ka durƙusa. Na durƙusa, guiwata ta taɓa dardumar, sai ƙyashin nan ya taso mini. Ya ɗora ƙoƙo.

Na buɗe baki in fara da mutanena, sai na ji na ce, "Kai Arzika, wai me ka fi ni da shi?"

Shi ke nan, bakin ya ɓalle. Na ce, "Tun muna jifan kanya kake cin rabona. Kai ne gidanku ke da durumi a ƙofa, kowa ya zo ya sha inuwa ya ce gidan su Arzika. Kai ne tsohuwarka Inna Tabawa, mai wushirya, mai ɗingishi da ƙafar hagu, take dama maka kunun tsamiya da safe, ƙamshi ya tsallako katanga ya same ni. In ka yi tuntuɓe ta ce sannu, in ka yi atishawa ta ce sannu. Kai ne ka auri Lantana mai dariya kamar ana zuba ruwa a tulu, ta haifa maka tagwaye, a yi suna a yanka raguna biyu, ni ina riƙe maka ƙafar rago!"

Ya zaro ido yana nuna mini ƙoƙon da haɓa. Na ce, "Kada ka nuna mini komai, yau sai ka ji!" Na kawo maganar saƙi da kasuwa. Na kawo jar akuyarsa mai haihuwar uku-uku. Na kawo hanyar da ke bi daga ƙofar gari ta gaban rijiya ta kai zaurensu, wadda ko ita ta fi ta kowa faɗi. Na kawo dakuwa da kilishi, da jakin da ya tashi da shi. Ya kama hannuna ya girgiza, hawaye na zubo masa, yana wani gurnani da ruwa a baki. Na fizge hannuna. Na ɗauka dariya ce yake dannewa.

Sai na ji ɗan ƙaramin sauti, ƙulum. Ƙoƙo ya nutse.

Arzika ya fesar da ruwan ya ce, "Nomau! Ba ka faɗi kowa naka ba! Ko mutum ɗaya!" Ya leƙa taga ya yi kira, "Sarkin jirgi, a ƙara masa, don Allah a ƙara masa!" Amma ƙasa an riga an buga ganga, hancin jirgi ya fara shiga fari, kuma in mutum biyu suka zauna a ƙololuwa cikin igiyar ruwan nan, jirgin kifewa zai yi da kowa. Ƙarti biyu suka hawo suka sungume ni. Ina sauka ina ce wa raina, wace tsiya ce, ai ya san gidanmu kamar tafin hannunsa, ya faɗa mini mana.

Tururin ba shi da wari, ɗan sanyi ne kawai da zaƙi-zaƙi a harshe. Ba ka jin fitar komai. Muka yi ta aiki a cikinsa, mai ja na ja, mai ɗinki na ɗinki, kowa fuska sake kamar jariri. Ba mai kewa, ba mai tunani. Da za a tambaye ni, ban taɓa samun hutu irin na kwanakin nan ba, don ko benen ba a gani.

Da muka fito rana ta buɗe, aka fara hawa karɓar ajiya. Mutum ya hau fuska wayam, ya sauko yana kuka yana dariya yana kiran sunan 'yarsa. Da aka zo kaina na hau na durƙusa. Arzika ya rame, idanunsa sun faɗa. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya buɗe baki ya ce, "Kai Arzika, wai me ka fi ni da shi?"

Ya maido mini da shi duka, da muryata, da tsakina, bai rage zagi ɗaya da na yi masa ba. Yana faɗa, abin yana dawo mini. Na ga durumi. Na ji ƙamshin kunun tsamiya. Na ga wushiryar Inna Tabawa, na ji dariyar Lantana, na ga jar akuya. Kowane abu ya dawo da zafinsa ya zauna inda yake a da. Sai ya tsaya.

Na ce, "Ci gaba."

Ya ce, "Iyakar abin da ka ajiye ke nan."

Na leƙa cikin kaina ta wancan gefen katangar, inda nake tsayawa ina leƙen gidansu. Ba komai. Fari fat.

Ya kama hannuwana biyu ya ce, "Tsaya ka ji. Kana da tsohuwa, kai ne ɗanta na fari. Kana da mata, kana da 'ya mace, ta fara tafiya ke nan muka taho." Ya faɗi sunayensu, ya faɗi kamanninsu, ya faɗi yadda yarinyar ke kama mini gemu. Na saurara da kyau. Na ce, "Allah sarki." Abin da ya fito ke nan, irin wanda ake ce wa baƙo in ya ba da labarin garinsu. Ya sake faɗa, ya kuma sakewa, har muryarsa ta dushe. Na haddace sunayen sarai, amma ba su taɓa ni ba.

Murjani kam mun same shi, gaskiyar fatake ne. Na yi ta kwasa kamar mahaukaci. Arzika bai kwashi abin kirki ba, yana biye da ni yana ba ni labarin gidanmu. Buhuna ya fi nasa nesa, karo na farko a duniya da na fi shi wani abu, kuma ko kallon buhun bai yi ba. Wannan ma ya ɓata mini rai. Muka komo ta wata igiyar ruwa mai zagaye wadda ba ta bi ta tururi, muka sauka Sarandal, muka kamo hanyar tudu.

Da la'asar muka shiga Gangaren Kanya. Ni ne a gaba, don na san hanya: ƙofar gari, rijiya, sai durumi. Ina hango shi murna ta kama ni. Yara suka ruga da labari. Sai ga ta ta fito daga zaure tana ɗingishi, wushirya a waje. Na yar da buhu na zube a gabanta, hawaye na zuba.

"Inna! Inna Tabawa! Mun same ku lafiya? Ina Lantana, ina tagwaye? Jar akuyar nan tana nan?"

Ta ce, "Lafiya lau, Nomau, sannunku, sannunku." Amma ba ni take kallo ba, gefe take kallo.

A ƙofar gidan da ke jikin nasu wata 'yar tsohuwa ce tsaye, ƙanƙanuwa, riƙe da ƙwaryar ruwa da hannu biyu. A bayanta wata mace ta leƙo, da wata yarinya riƙe da zanenta. Tsohuwar ta matso a hankali. Ba ta kira sunana ba. Ta ce, "Sannu da hanya."

Na ce, "Yawwa, sannu Iya." Na juya na ce, "Inna, baƙuwa kuka yi?"

Arzika ya sa hannu ya rufe fuskarsa. Inna Tabawa ta ce a hankali, "Nomau, tsohuwarka ce."

Na dube ta. Wallahi na dube ta da iyakar ƙarfina, goshi, ido, hannuwa, ina neman ko ɗan abu guda da zan kama. Ita ma ta dube ni, ta daɗe. Arzika ya durƙusa ya fara yi mata bayani, ta ɗaga hannu ta tsayar da shi. Ta miƙo mini ƙwaryar, sannan ta dafa kansa ta ce, "Kai ka dawo mini da shi da ransa. Allah ya yi maka albarka, ɗan nan."

Nan na ji ƙirjina ya ɗau zafi, zafin da na sani. Har albarkar matar da aka ce ita ta haife ni, a kan Arzika ta sauka.

Na shanye ruwan, na ce na gode, na miƙa mata ƙwaryarta.